Bijimin da Yaya Da'u Ya Hana a Yanka

Yayana Da'u bai taɓa shiri da takarda ba. Tun muna yara a Toranke, in aka kora mu makaranta, shi sai ya zame ya bi ta bayan gari inda Fulani suke sauka bayan kaka, ya tsuguna yana kallon shanu har rana ta take. Babanmu ya doke shi har ya gaji, daga baya ya sallama shi. Ni Lauratu ni na yi karatun, na ƙare a sakatariyar Ajingi ina buga wa mutane takardu shekara da shekaru. Shi ya sa da abin nan ya same shi wurina ya zo. Ni kuma zan ba da labarin, don in aka bar masa ba zai faɗa ba, in aka bar wa mutanen gari za su faɗe shi a karkace.

Sana'arsa huɗa da horon shanu. Duk wanda ya sayo ɗan bijimi mai taurin kai daga kara, kasuwar shanu ta Wudil, wanda wuyansa bai taɓa jin karkiya ba, gidan Yaya yake kawo shi. Ba ya duka. Zai ɗaure baƙon kusa da nasa shanun, su ci tare har su saba, sannan wata safiya ya haɗa shi da babba su ja gungume a fili. Daga gungume a koma amalanke, daga amalanke a koma garma. Ranar da ya mayar maka da dabbarka, ko tsohuwa za ta iya jan ta zuwa gona. Mutanen Ajingi sun san shi, na ƙauyukan Gaya ma haka. Ba shi da komai, babbar rigarsa ta Juma'a in ban manta ba tun ina budurwa take, amma in ana zancen shanu a majalisar ƙofar masallaci ya buɗe baki, kowa yakan yi shiru ya saurara. Bai taɓa faɗa ba, amma na san wannan shirun da ake yi masa ya fi masa komai daɗi.

Shanunsa biyu ne, Goje da Jatau. Goje fari ne mai manyan ƙaho, mai girman kai, ba ya cin dusa in an zuba masa a ƙasa. Jatau ja ne, gajere, mai haƙuri, shi ake haɗa wa sababbi. Matarsa Karimatu takan ce wa baƙi kada su ɓata sallamarsu a zaure, su zaga turke kawai, can za su sami maigidan yana cire kaska yana hira da waɗanda ba sa amsa masa.

A ƙarshen bazarar bara waccan, hadari ya fara haɗowa, kowa yana gyaran garma, sai mutanen unguwa suka haɗu suka kira likitan dabbobi daga Gaya ya zo ya yi wa dabbobinsu allurar tsutsa. Sunansa Dokta Sharfaddeen, yana da shagon magani kusa da kasuwa, da takardar shaidarsa a rataye a bango cikin gilashi. Yaya ba mai yawan kiran likita ba ne, amma ya ga kashin Goje ya ɗan yi ruwa, ga aiki ya gabato, sai ya ce a haɗa da nasa. Likitan ya iso gidan a ƙarshe, a gajiye, yana ta duban sama kada ruwa ya tare shi a hanya. Karimatu ta ce ko kashe babur ɗin bai yi ba. Ya kalli shanun da ido, ya zuƙo daga kwalba biyu, waya maƙale a kafaɗarsa yana magana da wani, ya soka wa wannan ya soka wa wancan, ya karɓi sallamarsa ya tafi.

Kafin la'asar Goje ya fara karkarwa. Kumfa ta cika masa baki, ƙafafunsa na baya suka saki, ya zube a kan turkensa. Aka kira likita, ya ce a ba shi ruwa, zai wuce. Aka sake kira, wayar ba ta shiga.

Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san abin da ake yi a irin wannan lokaci, kuma ba shawara ake zama a yi ba. Dabba ta faɗi, idonta ya juya, to wuƙa ake nema da gudu kafin rai ya fita, don kada ta tashi a mushe a yi asara biyu. Usaini mahauci, abokin Yaya tun na ƙuruciya, ya shigo da wuƙarsa ko takalmi babu. Yaya ya miƙa hannu ya ce, "Kawo. Ni na raine shi." Aka juya Goje ya fuskanci alƙibla, Yaya ya yi bisimilla ya yanka.

Abin da ya biyo baya alheri ne, ina so a gane wannan. Mutanen unguwa suka ce a yi watanda. Aka feɗe, aka kasa naman kashi-kashi a kan buhuna, kowane gida ya ɗauki kaso ya ba da abin da ya sawwaƙa, har da waɗanda ba su da halin cin nama a wannan watan, don dai a rage wa Da'u zafin asara. Ranar Toranke gaba ɗaya ƙamshin suya take. Ni ma an aiko min da nawa Ajingi a leda, na dafa, muka ci da 'ya'yana muna jajanta wa kawunsu. Shi kaɗai ne bai kai ko tsoka bakinsa ba. Washegari ba abin da ya rage na Goje sai ƙahonsa da igiyarsa.

Jatau ma ya yi karkarwar, ya zubar da yawu, amma bai faɗi ba. Sai dai tun daga ranar bai sake zama sa ba. Yana ci, jiki ba ya karɓa. In aka ɗora masa karkiya sai ya tsaya yana haki, kansa a ƙasa.

Da a nan abin ya tsaya, da Yaya ya ce ƙaddara ya haƙura, don ba a kansa aka fara rasa sa ba. Amma ranar kasuwar Gaya Usaini ya tsaya a shagon likitan ya faɗa masa abin da ya faru, a gaban mutane. Shi kuma, ko don tsoro ko don kare kai, sai ya ɗaga murya ya ce ai ya san irin tsofaffin nan, su ɗura wa dabba jiƙe-jiƙensu a ɓoye, in an yi allura abin ya haɗu ya kashe ta, su ce likita ne. Kafin Usaini ya dawo gida maganar ta riga shi. Kuma ta sami wurin zama, don kowa ya san Yaya yana ba shanunsa kanwa da jiƙon sassaƙen maɗaci, wasu ma a wurinsa suka koya. Ya rantse rabon da ya ba su tun sanyi. Aka ce masa haba, ai ba komai, wa ya ce kai ne? Amma daminar nan ba wanda ya kawo masa ɗan bijimi. Wani da nasa bijimin yake wurin tun kafin abin ya faru, ya zo ya kwance shi, wai iyalinsa ne suka matsa. A majalisa kuwa, in Yaya ya fara magana, sai wani ya ci gaba da tasa hirar kamar bai ji ba.

Rannan ina ofis sai ga shi a bakin ƙofa da rigar Juma'a, alhali Talata ce. Bai taɓa taka sakatariya ba sai ranar.

Ya ce, "Laure, akwai inda ake kai ƙarar likitan dabbobi?"

Na ce, "Yaya, zauna tukuna ka sha ruwa."

"Ba ƙishi nake ji ba. Akwai ko babu?"

Na tambaya, aka ce akwai hukumar da take ba su lasisi, ita take karɓar koke a kansu. Na zauna na buga, yana faɗa ina juyawa Turanci. Da na zo wurin abin da yake nema, na ce a sa diyyar sa. Ya ce in sa in na ga dama, amma a can ƙasa. "Abin da za ki sa a sama, su faɗa ba ni na kashe shi ba. Su rubuta, su buga hatimi, in kai ƙofar masallaci a karanta." Mutumin da ya guje wa takarda tun yana yaro, ga shi yau duk ransa yana kan guda ɗaya.

Damina ta wuce, ya yi nomansa da fartanya kamar wanda bai taɓa mallakar garma ba. Sai bayan an kai gero rumbu amsa ta zo. Na hau mota na kai masa da kaina, na same shi a turke yana goge wa Jatau baya da tsumma. Na karanta masa a hankali. Sun ce sun duba koken, sun ji ta bakin likita, ba a kawo gawar dabbar an bincika ba, an cinye naman, kuma bisa ga abin da mai ƙara ya faɗa da bakinsa, dabbar ta mutu ne ta hanyar yanka a hannun mai ita. Saboda haka sun yi watsi da koken.

Ya ajiye tsumman. Sannan ya ce, "Wato da wuƙa ya mutu."

"Haka suka ce, Yaya."

"To ai da wuƙar ya mutu, wa ya musa? Me ya kai shi ƙarƙashin wuƙar? Ba su tambayi wannan ba?"

A ƙasan takardar an rubuta cewa wanda bai gamsu ba yana iya ɗaukaka ƙara gaban wani kwamiti. Na karanta masa har wannan, amma na ce ya bar wa Allah. Na ga irin waɗannan takardu sun fi a ƙirga, na san inda suke ƙarewa. Ya ce in ba zan buga ba zai je wurin masu buga takardu a bakin kotun Gaya. Na buga.

Da rani aka kira mu Kano. Muka tafi mu uku, ni da shi da Usaini a matsayin shaida. Yaya ya riƙo wani buhu bai yarda a sa shi a bayan mota ba, a cinyarsa ya ɗora shi har muka isa. Sai a ofishin na ga ƙahon Goje ne a ciki.

Ɗaki ne mai sanyi, da dogon tebur, mutum uku a zaune, maza biyu da mace ɗaya. Dokta Sharfaddeen yana gefe cikin shadda mai kyau. Da ya ga Yaya sai ya miƙe ya rusuna ya ce, "Baba, ina kwana, ya hanya?" Wallahi da ya zage mu da ya fi min sauƙi. Yaya ya amsa gaisuwar, don shi ba ya iya ƙin amsa gaisuwa, sannan ya kwance buhu ya ɗora ƙahonin a kan tebur. Matar ta ce don Allah a sauke su. Ya sauke su, ya ajiye kusa da ƙafarsa.

Ba zan yi musu ƙarya ba, sun saurare shi. Shugaban zaman dattijo ne, Hausarsa irin tamu, bai katse shi ko sau ɗaya ba. Yaya ya faɗi komai, babur da ba a kashe ba, kwalba biyu, waya a kafaɗa, kumfa, karkarwa. Likita ya ce ya ba da maganin daidai ƙima, kuma duk sauran dabbobin da ya yi wa allura a unguwar ranar lafiyarsu ƙalau. Sannan aka zo kan Usaini.

Shugaban ya ce, "Malam, kai ka feɗe?"

"Ni na feɗe, ranka ya daɗe."

"Ka ga hantar?"

"Na gani. Ba ta yi min kama da ta lafiya ba."

"Tana ina?"

Usaini ya sosa ƙeya, ya ce, "Ai ranka ya daɗe, ita ce ta faɗo a kasona."

Wani a bayanmu ya yi dariya. Shugaban bai yi ba. Ya tambaya ko a cikin waɗanda suka ga faɗuwar Goje akwai wanda ya ajiye wani abu, jini, ko hanji, ko kwalbar maganin. Babu. Matar ta cire tabarau ta ce ita abin da ya fi ɗaga mata hankali, an raba wa gari guda naman dabbar da aka yi wa allura a ranar, Allah ne ya kiyaye, kuma in doka za a bi sosai, mai naman ne yake da tambayar amsawa. Na buɗe baki, Yaya ya taɓa min hannu, na rufe.

Shugaban ya jingina ya ce, "Malam Da'u, ni ma ɗan ƙauye ne. Na san abin da ya sa kuka yanka, ko a gidanmu haka za a yi. Amma mu da gawa muke aiki. Da dabbar ta mutu da kanta, aka kai wa likitan gwamnati ya buɗe ya rubuta, da muna da abin riƙewa."

"Ranka ya daɗe, in zuba ido ya yi mushe?"

"Ban ce ka zuba ido ba. Na faɗa maka abin da aikinmu yake nema ne."

Yaya ya ce to ga ɗan'uwansa can a gida, allura ɗaya aka yi musu, ya rame ya lalace, su aiko a gan shi. Shugaban ya girgiza kai ya ce ramar sa ba hujja ba ce, abin da yake ramar da sa yana da yawa. Suka fita suka dawo, aka karanta mana cewa hukuncin farko yana nan daram, an rufe magana, sai fa in wata sabuwar hujja ta bayyana. Wannan jelar ta ƙarshe sun faɗe ta ne don haka aka saba faɗa, na sani, ni ma na sha buga irinta. Da ma sun haɗiye ta.

Muna cikin mota a hanyar komawa, mun wuce Wudil. Usaini yana gyangyaɗi. Sai Yaya ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Jatau yana nan ai." Na ɗauka yana rarrashin kansa ne, na ce Allah ya ba shi lafiya. Ya ce amin.

Sai daga baya muka gane. Jatau yana ta ƙarewa, haƙarƙarinsa duk a waje, Usaini ya zo ya ce a ba shi tun da sauran tsoka, a sayi ko ɗan maraƙi a fara daga farko. Yaya ya ce ba na sayarwa ba ne. Karimatu ta yi magana, ta yi kuka, ta yi fushi ta daina yi masa magana, duk bai motsa ba. Kada wani ya ce ya bar dabbar da yunwa, don na ji ana faɗa, kuma ƙarya ce. Harawar da ta fi kyau a Toranke Jatau ne ya ci ta. Yaya ya yi masa rumfa sabuwa, yana ɗebo masa ruwa da kansa, in rana ta yi zafi ya jiƙa buhu ya lulluɓa masa. Jinya yake yi tsakani da Allah. Amma ya riga ya yanke a ransa cewa in ranar ta zo, wuƙa ba za ta taɓa wuyan nan ba.

Na je na same shi na zazzaga masa duk abin da yake cikina. Na ce mutanen can sun manta da sunanka tun kafin mu sauko daga bene. Na ce za ka zubar da ɗan mutuncin da ya rage maka saboda takardar da ba mai karantawa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Laure, ke kika karanta min da bakinki. Sun ce da gawa suke aiki." Na tashi na tafi ko sallama ban yi wa Karimatu ba, ina kuka a kan babur har Ajingi.

Wata safiya da bazara wayata ta yi ƙara, Karimatu ce. "Laure, ki zo, yayanki ya tare ƙofa." Na bar aiki na hau acaɓa.

Na tarar da maza cike da ƙofar gida. Jatau yana kwance a gefe guda, yana nishi, ƙafarsa tana shure ƙasa. Yaya ya zauna a bakin turke, sandarsa a kan gwiwa. Usaini yana tsaye da wuƙa, liman yana kusa da shi.

Liman ya ce, "Da'u, ka ji tsoron Allah. Wannan dukiya ce, kuma dabbar nan wahala take sha. Ka bari a sauƙaƙa mata."

"Na ji, Malam."

"To matsa."

"Malam, wancan na yanka, aka ce ni na kashe. Wannan a bar shi."

Usaini ya ce, "Da'u, don girman Allah. In ba za ka iya ba ni zan yi, ka shiga ɗaki kawai."

Yaya ya ɗaga sandar, ba da niyyar duka ba, ya dai gitta ta a ƙofar. Tunda nake ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da muka binne babanmu, amma ranar suna zuba har gemu bai share ba.

Abin ya ja har hantsi ya wuce. Ba na son tuna nishin nan. Mata suna leƙe ta kan katanga suna salati. Maza suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wani yana cewa tir, wani yana cewa ai mutumin nan ya taɓu. Liman ne ya tafi a ƙarshe, ya kaɗa rigarsa kawai. Da kowa ya watse Yaya ya ajiye sandar, ya rarrafa ya ɗora kan Jatau a cinyarsa yana shafa masa goshi, yana cewa ya yi haƙuri. A haka ran ya fita, ana kiran azahar.

Ba wanda ya zo taya mu ɗauka. Garin da ya haɗu kaf a kan Goje, ko mutum ɗaya bai leƙo ba. Da ƙyar muka sami mai kurkura, keken nan na ɗaukar kaya, ɗan wani ƙauye ya yarda. Muna ta fama da igiya, ni da Karimatu da Yaya da direban, sai ga Usaini ya dawo, ba wuƙa a hannunsa. Bai kalli kowa ba, ya kama ƙafar baya.

Muka isa asibitin dabbobi a Gaya rana ta karya, cikin mushen ya fara kumbura, ƙudaje sun biyo mu tun daga hanya. Likitar da muka tarar yarinya ce, Dokta Muhsina. Ta fito ta tsaya a rana ta saurari Yaya tun daga farko har ƙarshe. Ta zagaya kurkurar, ta duba ido, ta duba baki. Sannan ta ce, "Baba, yaushe aka yi allurar?"

"Bara, gab da faɗuwar damina."

Na ga tana neman yadda za ta faɗa.

"Baba, babu maganin da yake zama a jikin dabba har shekara. Ko na buɗe shi yanzu, zan iya ganin hanta ta lalace ko ba ta lalace ba, amma ba zan iya cewa allurar bara ce ba. Ba wani likita da zai iya. Da a ranar ne, ko washegari."

"A ranar ai wancan ne ya faɗi."

"Na gane, Baba. Wa ya ce ka bar wannan ya mutu?"

Ya ce, "Ba wanda ya ce."

Direba ya fara ƙorafin wari, yana tambayar inda za a sauke. Yaya ya ɗago ya ce, "To 'yata, ki rubuta min abin da kika gani. Ki rubuta da kansa ya mutu, ba ni na yanka ba. Ki buga hatimi." Ta kalle ni, na kawar da kai. Ta shiga ta rubuto, cewa an kawo mata sa matacce, ba a yanka shi ba, ba a san dalilin mutuwarsa ba. Ta buga hatimin, ta miƙa masa da hannu biyu. Mushen kuwa, Usaini da direba suka kai shi wani rami a bayan gari inda ake ɗibar ƙasar gini. Yaya bai bi su ba.

Na aika kwafen takardar Kano don ya matsa min. Har yau ba amsa, kuma ba na jira. Dokta Sharfaddeen yana nan a shagonsa, har ya ƙara faɗaɗa shi. Ban sani ba ko allurarsa ce ta kashe Goje, a raina na yarda ita ce, amma ba ni da abin nunawa, kuma yanzu ba mai tambaya. Yaya yana ƙwadago a gonakin mutanen da a da suke layi a ƙofarsa. Ya tsufa a shekara guda, wuyansa ya shige. Ba a ƙara zancen jiƙo ba, an sami abin da ya fi shi. In baƙo ya tambayi gidan Da'u, sai a ce wanne, mai mushe?

Abin da ya faru a Juma'ar da ta biyo bayan zuwanmu Gaya, Usaini ne ya ba ni labari, don mata ba sa zuwa wurin. An idar da salla, majalisa ta cika, sai Yaya ya zo da babbar rigarsa ya tsaya a tsakiya. Ya zaro takardar daga aljihu, ya warware ta a hankali, ya miƙa ya ce wanda ya iya Turanci ya karanta wa jama'a, ga hatimi nan, an rubuta ba shi ya yanka ba. Akwai malaman makaranta a wurin, akwai ma'aikatan ƙaramar hukuma. Ba wanda ya miƙo hannu. Ya juya dama da ita, ya juya hagu. Daga can wani dattijo, sa'an babanmu, ya ce ba tare da ɗaga murya ba, "Mayar da abarka aljihu, Da'u. Ai mun sani. Muna wurin."